Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hunturunmu a Hamadar Arizona

A makon jiya na ba da labarin yadda ni da Hajiya muka saki gidan hayarmu na Houston bayan 'ya'yanmu sun kama gabansu, muka rabar da kayan ɗaki, muka tare cikin motar nan mai wurin kwana da madafa da makewayi wadda Amurkawa ke kira RV. Yau zan ɗora daga ƙarshen shekarar 2021, lokacin da muka hau babbar hanya mai lamba 10 muka doshi yamma, domin duk wanda muka yi shawara da shi cikin masu irin wannan zama ya ce mana in sanyi ya kama, Quartzsite ake zuwa.

Quartzsite ɗan ƙaramin gari ne a yammacin jihar Arizona, kusa da iyakar Kalifoniya, inda hanya mai lamba 95 ta ratsa mai lamba 10. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 2,400 da 'yan kai a cikinsa, kuma da rani zafinsa kan wuce digiri 45, har ya zama ba mai zama a mota da zai iya jurewa. Amma daga watan Nuwamba sai motoci su fara kwararowa daga jihohin arewa da Kanada, inda ƙanƙara ta rufe komai, su bazu cikin dajin da ke kewaye da garin har inda ido ya ƙare. Cin rani ne sosai, sai dai su sanyi ne ke koro su. A watan Janairu akan kafa wata babbar rumfa ta baje kolin motocin da kayan gyaransu, ga kuma kasuwannin duwatsu masu daraja waɗanda garin ya daɗe da yin suna a kansu.

Abin da ya sa wannan wuri ya zama matattara shi ne ƙasar ba ta kowa ba ce. Tana hannun hukumar tarayya mai kula da filaye, wadda ake kira BLM, mai riƙe da kusan eka miliyan 245, akasari a yammacin Amurka. Dokarta ta yarda mutum ya sauka kyauta a mafi yawan filayenta na tsawon kwana 14, sannan ya tashi ya matsa gaba. Wanda yake son zama mai tsawo kuwa, an ware masa wurare na musamman, kuma mafi girmansu a nan shi ne La Posa, kudu da gari. A shekarar da muka je, takardar izinin zama tun daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu dala 180 ce, kuma da ita mutum zai ɗebi ruwa, ya zubar da shara, ya juye tankin makewayi. Ba wutar lantarki, ba a shata wa kowa fili, kowa ya zaɓi inda ya yi masa ya tsaya, muddin bai matse wa maƙwabcinsa ba. Ni da na yi shekaru ina biyan hayar wata wadda ta ninka wannan kuɗi sau da yawa, sai da na sake karanta takardar kafin na gaskata.

Wuta ba ta ba mu wahala ba, domin faifan sola da ke kan rufi yana cika batura kafin azahar, girki kuma da gas muke yi. Ruwa ne ya zama mai mulkin gidanmu. Motar tana da tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na makewayi. Namu na tsabta yana cin kusan lita 150, kuma ranar da ya ƙare, ko ɗaya daga cikin sauran biyun ya cika, dole a naɗe rumfa, a ɗaure tukwane da kwanuka, a ɗage ƙafafun da ke tallafe da motar, a tuƙa gidan gaba ɗaya zuwa famfo, a bi layin da a tsakiyar hunturu kan ci wa mutum rabin safiya. Saboda haka kowane kofi da aka zubar yana matso da ranar wannan wahala, kuma mu da muke alwala sau biyar a yini mun fi maƙwabtanmu jin abin a jika.

Hajiya ce ta tsara mana gidan. Ta rufe famfon wurin wanke hannu, ta fito da buta biyu da muka zo da su tun daga Zariya, ta ce, "Alhaji, ai Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da mudu guda yake alwala, da sa'i guda yake wanka. Mu da muka saba sakin famfo yana zuba, yanzu ne za mu koyi sunna." Mudun da ake nufi cikin tafin hannu biyu ne, bai kai lita guda ba. Na san hadisin tun ina makarantar allo, amma a wannan daji ne na ga cewa lalle ya isa, har ya yi saura in mutum ya natsu. Kwanuka kuwa sai ta share su da takarda kafin ruwa ya taɓa su, ruwan ɗauraya kuma a tara shi a bokiti don makewayi. Da wannan tsari muka ninka kwanakin da tanki guda ke ɗaukar mu, kuma har yau, ko mun sauka inda ruwa yake a yalwace, ba ta yarda a koma gidan jiya.

Akwai wata matsala ta addini da ta tsaya mini a rai tun muna hanya, wato ko mutumin da gidansa ke tafiya da shi matafiyi ne ko mazauni. Na kira malamina a Zariya na faɗa masa halin da muke ciki. Ya ce, "Alhaji, malamanmu na Malikiyya sun yi maganar matuƙin jirgin ruwa da ke yawo da iyalinsa, sun ce yana yin ƙasaru. Idan tafiyarku ta kai mil 48 ku rage salla, idan kuma kun yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ku cika." Wannan amsa ta kwantar mini da hankali ƙwarai. A La Posa cikakkiyar salla muke yi, kuma na tsayar da motar yadda ƙofarta ke kallon arewa maso gabas, domin daga Arizona can alƙibla take. Juma'a ce ta fi yi mini ciwo. Sai mun yi tuƙin wajen awa biyu zuwa Phoenix, inda muke haɗawa da sayen naman halal, kuma ba kowane mako hakan ke yiwuwa ba.

Masu kallon hotunan irin wannan rayuwa a intanet suna ɗauka kowa a wurin ɗan hutu ne. Gaskiya ne akwai masu motocin da kuɗinsu ya fi na gida, amma maƙwabciyarmu ta kusa dattijuwa ce da ta haura saba'in, ta yi aikin jinya tsawon rayuwarta, tana kwana cikin ƙaramar motar ɗaukar kaya saboda fanshonta ba ya biyan haya a garin da ta tsufa a cikinsa. Irinta suna da yawa, kuma abin yana ɓata mini rai har yanzu, cewa ƙasa mai wannan arziki ta bar tsofaffinta haka. Ita dai ba ta taɓa kawo mana kuka ba. Ita ta nuna mini yadda ake karkata faifan sola ya fuskanci kudu da hunturu, ita kuma ta gargaɗe mu kada mu taɓa tsayar da mota cikin busasshiyar ƙorama komai kyan inuwarta, domin ruwan da aka yi a kan duwatsu masu nisa kan gangaro ba sallama. Ni kuma nakan karɓi jarkokinta in cika mata duk ranar da za mu famfo, Hajiya tana aika mata da kwanon tuwo da miyar kuka, har ta koyi ci da hannu.

Ita ce kuma ta ce mana lalle mu je maƙabartar gari, akwai ɗan'uwanmu a can. Muka tarar da kabari da aka gina masa dala ta duwatsu, da siffar raƙumi a ƙololuwarta. Mai kabarin Haji Ali ne, wanda sojojin Amurka suka kasa faɗin sunansa suka mayar da shi Hi Jolly. A 1855 majalisar dokokin Amurka ta ware dala 30,000 don a sayo raƙuma a gwada su wajen ɗaukar kayan soja a hamada, a 1856 da 1857 kuma aka sauke su a gaɓar Texas tare da masu kula da su daga daular Usmaniyya, har da shi. Ya ja raƙuman nan ya ratsa wannan yanki da masu shata hanya zuwa Kalifoniya, amma da yaƙin basasa ya ɓarke sai aka watsar da shirin, wasu raƙuman aka sayar, wasu suka shiga daji. Shi bai koma gida ba. Ya rasu a Quartzsite a 1902, hukumar hanyoyin Arizona ta gina masa dalar a 1935. Muka yi masa addu'a, Hajiya tana hawaye, ta ce, "Alhaji, ko wa ya yi wa bawan Allah nan salla?" Ban iya ce mata komai ba, domin tambayar da duk wanda ya tsufa a ƙasar wasu yake yi wa kansa ke nan.

Tattaki na farko da muka yi a daji shi ne na Palm Canyon, cikin gandun namun daji na Kofa da aka kafa a 1939, kudu da La Posa. Ana barin kwalta a bi hanyar tsakuwa har gindin duwatsu, sannan a hau da ƙafa kamar rabin mil cikin wani kwazazzabo. A can sama, cikin tsagin dutse, akwai wasu itatuwa dangin dabino masu faffaɗan ganye waɗanda suka tsiro da kansu, abin da ba kasafai ake gani a Arizona ba, kuma rana ba ta haska su sai wajen tsakar yini. Hanyar gajera ce amma duk duwatsu ne, ga wata ƙaya da ake kira cholla wadda ke maƙale wa mutum da ya ɗan goge ta, shi ya sa masu tattaki ke yawo da matajin kai don cire ta. Hajiya ta hau da sanda, tana hutawa tana tashi, kuma da muka sauko ita ce ta fara tambayar wane dutse za mu hau nan gaba.

Da watan Maris ya shigo zafi ya fara leƙowa, motoci suka riƙa raguwa kullum, dattijuwar ma ta yi mana sallama ta nufi duwatsun arewa inda iska ke da sanyi. Mu kuma azumi na ƙaratowa, don a farkon Afrilu aka kama shi a 2022, kuma dole mu zaɓi inda za mu yi shi: wuri mai sanyi da ba masallaci, ko gefen birni da jam'i da zafi. Yadda muka yanke wannan shawara, da abin da ya same mu a kan hanyar Flagstaff, shi zan kawo mako mai zuwa in Allah ya kai mu.