Talata a gidan haya na Rijiyar Lemo

Ƙarfe bakwai da rabi muka haɗu a ƙofar gidan, ni da birkila da wani dattijon kafinta. Ciki da falo ne guda uku, banɗaki biyu, da rijiya a tsakar gida. 'Yan haya sun tashi tun ƙarshen damina. Lissafin da na fito da shi gajere ne: a toshe inda filasta ta zube, a shafa fenti, a kira dillali. Baba kafinta ya ɗaga kai ya kalli silin falon tsakiya, inda yoyo ya bar shaida ruwan ƙasa-ƙasa, ya ce, "Alhaji, fentin nan damina ɗaya zai yi maka. A fara da sama."

Da ya hau, abu uku ya tarar. An buga ƙusoshin a kwarin kwano, hanyar da ruwa ke bi, alhali a kan tudu ake bugawa. An kuma yi rowar kwano wajen jerawa: tudu ɗaya kacal ya hau kan ɗan'uwansa, maimakon ɗaya da rabi a gefe da inci 6 a baki, shi ya sa ruwan Agusta mai iska yake kutsawa ta ƙasa. Na uku, indararo biyu sun cushe da ƙasa da leda, ruwa yana kwanciya a bayan katangar rufi yana tsuma bulo. Gara ta cinye katako 2x4 guda shida, ƙusa yake sokawa da yatsa tana shigewa. Kwano 14 za a sauya. Bandir ɗaya guda 20 ne, ragowar shidan a ajiye, don gidan haya ba ya rasa yoyo. Sabon katako kuma sai an shafe shi da maganin gara ya bushe kafin ya hau, har bakin da zarto ya yanka, don ta nan take shiga.

Bango ne ya cinye mana safiyar. Daga ƙasa zuwa gwiwa filasta ta kumbura, farin gishiri ya feso kamar kanwa. Birkila ya bi da ƙotar guduma yana ƙwanƙwasawa, duk inda ya ji fanko sai ya zagaye da gawayi. Ba daga sama matsalar take ba. Daɓen tsakar gida ne ya karkata wajen ɗakuna, ruwan wanki da na alwala suna taruwa a gindin bango, bulo yana zuƙa. Wanda ya shafa fenti mai sheƙi a kan wannan, danshin ya kulle a ciki, bayan 'yan watanni ya ɓare kamar ɓawon albasa.

Ga yadda muka tsayar. Za a sassare filastar har tsawon mita ɗaya, a wuce inda danshin ya tsaya, a bar bulo ya sha iska mako biyu. Sabon kwaɓi buhun siminti ɗaya mai kilo 50 ne da yashi kwanon birkila takwas, yashi mai laushi da aka tankaɗe, kauri kada ya wuce milimita 15. Idan aka kai kwano goma sha huɗu don a ja siminti, da farce ma kankare ta za a yi. Tunda hunturu ya kunno kai, ban ruwa safe da yamma har kwana bakwai dole ne, in ba haka ba iska ta busar da ita kafin ta kama, ta tsattsage. Fenti sai bayan mako huɗu. Daɓen kuma a fasa a sake shi, gangarensa ya nufi kwata.

Bayan azahar mai wayarin ya iso, ya kwance soket biyu, duka bayansu ya yi baƙi. Da waya 1.5 aka ja su, wadda ta fitila ce. Soket 2.5 yake so, inda za a jona hita ko risho na lantarki kuwa 4. Mitar wuta ɗaya ce gidan duka, kuma ba abin da ke haɗa 'yan haya faɗa kamar rabon kuɗin wuta: mai firiza ya ce shi ma ɗaki ɗaya gare shi. Za a raba layin gida uku yanzu, kowane da akwatinsa, sannan in nemi mita mai kati ga kowa a kamfanin wuta na KEDCO. Mai wayarin ne zai fara tsaga bango ya binne fayif kafin birkila ya taɓa filasta. Da an juya tsarin, da sau biyu zan biya aiki ɗaya.

Shadda ce ba ta da gyara mai sauƙi. Na auna tsakaninta da rijiya, mita 9. Ƙasa da mita 15 ba a yarda da ruwan ba, don haka rijiyar ta wanki da banɗaki ce kawai, kuma zan sa wannan a takardar yarjejeniyar haya da mai unguwa zai shaida. Fayif ɗin banɗaki mai inci 4 a kwance yake ba gangare, shi ke kawo toshewa. Inci ɗaya ya kamata ya sauka a kowane inci 40. Bututun fitar da wari ma ya karye, za a ɗaga shi ya wuce rufi a sa masa raga saboda ƙuda.

Birkila ya kawo shawarar a fasa soro a yi shago. Na ajiye ta gefe, sauya fasalin gini sai da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano.

Jinga muka yi da kowa, ba kuɗin yini ba: kashi ɗaya cikin uku a hannu, sauran in na duba aiki. Kaya ni zan sayo. Siminti buhu goma kawai da farko, a jera a kan katako nesa da bango, don wanda ya daɗe a ƙasa dunƙulewa yake yi.

Dab da magariba dillali ya kira, wai yana da ango da ke son shiga ƙarshen wata. Na ce masa sai Janairu. Gobe da sassafe kasuwar Ƙofar Ruwa, kwano da ƙusa mai hula, daga nan 'Yan Katako tare da Baba, shi ya san busasshe da ɗanye.