Ranar da babban allon cikin kwamfutata (motherboard) ya ƙi a rage wa furosesa wuta

Talata, cikin zafin Afrilu, Kano.

Tun bayan sallar asuba na zauna gaban kwamfuta, don ina da bidiyon biki da zan miƙa jibi. Da na fara fitar da shi sai fanka ta hau kuka kamar injin niƙa. Na buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kayan cikin kwamfuta: digiri 100 cif, iyakar da furosesana (ƙwaƙwalwar kwamfutar), i7-13700K, ke kaiwa kafin ya ja wa kansa birki. An yarje masa ya sha wuta har wat 253, ga ɗaki kamar tanda, ga batirin inbata yana zuƙewa ina kallo.

Maganin da na sani shi ne rage ƙarfin wutar da ke shiga furosesa, ya yi aiki iri ɗaya ba tare da wannan zafin ba. Na shiga BIOS, wato wurin saitin babban allon cikin kwamfuta, na rage 0.050 na bolt, na sake kunnawa. Lambar bolt ɗin ko motsi ba ta yi ba. Na mai da shi 0.100, duk kanwar ja ce.

Da hantsi na kira mai gyaran da ya haɗa mini ita. Ya ce, "Yallaɓai, allonka B760 ne. Wannan ƙofar a allo samfurin Z790 take buɗe sosai." Ya tuna mini cewa ni na zaɓi mai sauƙin kuɗi, kuma gaskiyarsa ne.

Kullen ma da dalilinsa. A Disambar 2019 masu bincike suka bayyana wani hari da aka sa wa suna Plundervolt: idan manhaja ta rage wa furosesa wuta a daidai lokacin da yake lissafi, zai yi kuskure, ta nan kuma a iya zaro makullan sirri. Daga nan aka fara toshe hanyar. Na fahimta, amma raina bai so ba, don ni sanyi kawai nake nema.

Bayan azahar na bi ta bayan gida, na rage lambar AC Load Line, wani saiti a BIOS da ke shafar yawan bolt ɗin da furosesa ke nema. Nan wuta ta sauka, zafi ya faɗi, har na fara murna. Sai na gwada da Cinebench R23, manhajar auna ƙarfin furosesa, makin da ke kusan 30,000 ya zube wajen rabi. Ashe CEP ne, wani mai gadi da ke cikin furosesa. Da ya ga wuta ta gaza abin da yake tsammani sai ya rage gudu a ɓoye, alhali lambar gudunsa tana nuna komai lafiya. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin da ban gwada ba da na yi ta aiki da rabin ƙarfi ban sani ba. Na lalube BIOS ɗina kaf, babu wurin kashe shi.

Da la'asar na mayar da komai yadda yake, na ƙayyade PL1 da PL2, wato iyakokin wutar da furosesa zai iya sha, a wat 150. Zafi ya tsaya wajen digiri 80, bidiyon ya ƙara 'yan mintoci kafin ya gama, fanka ta yi laushi har ina jin kiran magariba daga masallacin layinmu. Gobe zan sauya man da ke tsakanin furosesa da na'urar sanyaya shi, in kuma busa ƙurar hunturu da ta cika ragar gaba.