Fankar lagireto da abin da na fito da shi daga garejin rewaya

Ƙarshen watan nan zan kwashe akwatin kayan aikina daga garejin da na koyi rewaya a Kurmin Mashi, nan Kaduna, in koma wata 'yar rumfa da na kama a bakin hanyar Mando. Ƙannena da zan bari a wurin sun ce in rubuta musu wani abu da za su riƙe. Da na zauna rubutawa sai na ga maganar duk tana komawa kan fankar lagireto, domin a kanta na fi koyon aiki, a kanta kuma aka fi ɓata mini rai.

Kun san maganar da mai mota yake zuwa da ita idan zafin Maris da Afrilu ya kankama: "Motata tana tafasa a gosulo, amma da na hau titi sai allura ta sauka." Wannan magana kaɗai ta nuna maka inda za ka dosa. Idan mota tana gudu, iska ce take ratsa lagireto da kanta. Idan ta tsaya a cunkoson Kawo ko na bakin kasuwa, fanka ce kawai take ja mata iska. To hanyar wutar fanka ba doguwa ba ce: daga batir zuwa fis, daga fis zuwa rile (makunnin da ƙaramar wuta take kunnawa ya wuce da babbar wuta), daga rile zuwa motar fankar (ɗan injin lantarkin da yake juya ta), sai wayar nagetif da take komawa jikin bodi. Gefe guda kuma akwai mai ba rile umarni, ko makunnin zafi a tsofaffin motoci, ko sensa da take kai wa birenbos, wato kwamfutar mota, rahoto a sababbi. Duk wanda yake da mita da kwan gwaji da ɗan haƙuri zai bi wannan hanya ya kama inda wutar ta tsaya.

Oganmu ba ya bin ta. Maganinsa ɗaya ne ga kowace mota: a haɗa fanka dairek, da an murɗa makulli ta kama juyawa har a kashe mota, a kuma zare tamostat, abin da yake tsare ruwa daga zuwa lagireto har inji ya yi zafi, a jefar, wai na ƙasar Turawa ne mai sanyi. Ba shi kaɗai ba ne, garejoji da yawa a garin nan haka suke yi, masu motoci ma sukan nemi a yi musu haka da bakinsu.

Wata rana wata Hajiya, malamar makaranta, ta kawo Peugeot 406 ɗinta, irin mai fanka biyu. Wanda ya taɓa aiki a kan wannan mota ya san tsarinta: rile uku ne suke zaune a gaba, wajen fankokin. Idan zafi ya fara hawa, suna haɗa fankokin biyu a jere su raba wutar batir, sai su juya a hankali. Idan zafin ya ƙaru, sai kowace ta samu cikakkiyar wutarta su tashi da ƙarfi. Tsari ne mai kyau, illarsa kawai inda aka ajiye rilen, domin ruwan damina da ƙurar hunturu duk a nan suke sauka. Na ba kowace fanka wuta kai-tsaye daga batir, duka suka juya lafiya. Fis bai ƙone ba. Da na zare rile na tsakiya sai na ga ƙafarsa ɗaya ta yi baƙi, robar soket ɗin ta narke a gefe, tsatsa kore ta cika ramin. Batir yana nuna bolt 12.6, amma da fanka ta ɗauki lodi, abin da yake isa gare ta bai kai bolt 9 ba. Sauran yana ƙarewa a wannan soket, ya koma zafi.

Na je na same shi na ce, "Oga, fankokin nan lafiyarsu lau. Soket ɗin rile ne ya ƙone, a sauya shi da rilen, magana ta ƙare."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Kai yaro, tun kafin a haife ka nake gyaran Fijo. Ajiye wannan mitar taka, je ka kasuwar Panteka ka karɓo mini saƙo."

Kafin in dawo mota ta fita. Yaran ne suka gaya mini abin da aka yi. Da hannunsa ya jawo waya daga bayan makulli har zuwa fankokin, siririyar waya irin wadda muke yi wa lasifika aiki da ita, babu fis, babu rile a tsakani. Ya sa bakanike ya zare tamostat. Sannan ya karɓi kuɗin sabuwar motar fanka a hannun baiwar Allah, alhali tsofaffin ne a jiki.

Fanka ɗaya tana iya jan amfiya 10 zuwa 20 tana cikin juyawa, lokacin tashi kuma ta fi haka. Shi ya sa masu ƙera mota suke ba ta waya mai kauri da fis na amfiya 30 ko 40, su bar rile ya ɗauki nauyin, makulli kuwa ɗan umarni kawai yake bayarwa. Fankoki biyu a kan wayar lasifika, ai lokaci kawai ake jira. Bayan 'yan makonni, da rana tsaka a wajen gadar Kawo, wayar ta yi zafi ta narke ta tsinke. Allah ne ya tsare wuta ba ta tashi a ƙarƙashin sitiyari ba. Hajiya ta saki jiki tunda an ce mata an gama da matsalar, ba ta ankara da allura ba sai da tururi ya tashi. Gasket ya ƙone, silinda ta lanƙwashe.

Aka jawo motar, maigidan Hajiya ya biyo ta ransa a ɓace. A gabansa, a gaban makanikai da masu fenti da mai shayin bakin gareji, Oga ya nuna ni ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Wannan yaron na ba aikin, ban san haka ya yi ba." Ya zage ni tas. Ya yanke rabin kuɗin gasket daga ɗan abin da nake samu, ya kuma ɗaga yayena da aka riga aka sa wa lokaci. Yaran da aka yi aikin a gabansu babu wanda ya ce uffan, kuma ban riƙe su a zuciya ba, don na san abincinsu a hannunsa yake. Ni ma shiru na yi, saboda mahaifina ne ya kama hannuna ya damƙa masa, kuma a gidanmu ba a ƙaryata babba a gaban jama'a. Amma har yau idan na tuna yadda ya nuna ni da yatsa, hankalinsa kwance, sai in ji abin ya dawo mini sabo. Ba na mance cewa shi ya koya mini bin waya da launinta, ya ciyar da ni shekaru. Wannan alheri yana nan, waccan rana ma tana nan.

Bayan bakanike ya gama da injin, ni aka bar wa wayoyin. Na zare abin da ya rage na waccan waya, na sa sabon soket da rile, na wanke inda nagetif yake ɗaure har ƙarfe ya yi haske, na roƙi bakanike ya mayar da tamostat. Muka bar mota tana aiki a tsaye, muna kallo fankokin suka tashi a hankali da kansu, zafi ya sauka, suka tsaya. Motar tana nan tana yawo a garin nan. Idan Hajiya ta zo yanzu, ni take tambaya.

Saboda haka ƙannena, idan an ce ku haɗa dairek, ku san abin da kuke sayar wa mutum. Injin da aka cire wa tamostat kuma fanka ba ta hutawa, ba ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90. Birenbos yana ganin inji da sanyi sai ya yi ta ƙara masa mai. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce ga ɗan taksi da yake lissafin kowace lita. Burushin motar fanka kuma yana cinyewa da wuri, ran da zai mutu ba ya sallama. Idan dare ya yi wa mutum a hanyar Zariya ko ta Abuja, ana iya haɗa masa na wucin gadi ya isa gida, da waya mai kauri da fis, a kuma gaya masa gaskiya cewa bai gyaru ba.

Ku haddace lambobin ƙafafun rile: 85 da 86 na koyil ne, 30 daga batir take, 87 ita take fita zuwa fanka. Rile yana iya yin ƙas kuma bai wuce da wuta ba, don haka kada ƙara ta ruɗe ku, ku auna. Kwan gwaji ma yana haske a kan wayar da sili biyu suka rage mata, shi ya sa awo na gaskiya sai lodi yana kai.

Kafin ku taɓa waya ko ɗaya, ku duba ruwa bayan inji ya huce. Idan ruwa ya yi ƙasa ko iska ta maƙale, makunnin zafi a busasshen wuri yake zaune, ba zai ji komai ba. A tsofaffin Honda, haɗa bakin soket ɗin makunnin zai tayar da fanka. A tsofaffin Toyota da yawa kuwa zare soket ɗin ne yake tayar da ita, kada ku ɗauki dokar wannan ku kai wa waccan. A motoci da yawa kunna AC yana tayar da fanka, gwaji ne na kyauta.

Fankar da sai an ƙwanƙwasa ta take tashi, burushinta ya ƙare. Wadda kuka sayo ta Belgium a Panteka, ku gwada ta a kan batir a gaban mai shago, bayan an ɗaura kuma ku sa takarda a gaban lagireto ku tabbatar iska ciki take ja, domin waya biyu da aka juya suna sa ta hura baya. Fis ɗin da ya ƙone ba a naɗa masa silin waya, a nemo abin da ya ƙona shi. Kada ku sa hannu kusa da fanka don kun kashe mota, wasu sukan tashi da kansu. Kuma duk aikin da kuka yi, da wanda aka karɓe daga hannunku, ku ɗauki hotonsa a waya kafin a rufe bonet.