Lemon da ban jefa ba

Mako uku na yi a gaban madubi ina koyon wani rufa-ido da lemon tsami. Babu tsafi a ciki, balle aljani. Ka jefa lemon sama ka cafe, ka sake jefawa ka cafe, a karo na uku ka yi kamar ka jefa alhali yana ɓoye a tafin hannunka.

Gwajin farko a tsakar gida bai yi ba. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ai ga shi nan a hannunka." Na ɗauka saurin hannu na rasa. Ashe idona ne ya tona ni, don hannun nake kallo saboda fargaba, kuma inda ɗan dabo ya kalla nan jama'a ke kallo.

Ranar Juma'a bayan la'asar na sake, yayana da abokansa biyar suna kan tabarma. Wannan karon na ɗaga kai na bi lemon da babu shi da ido har saitin indararo. Huɗu suka ce sun ga ya tashi. Yayana ma yatsa ya nuna, ya ce daidai reshen darbejiya ya ɓace masa.

Wannan nunin ne ya tsaya mini a rai. Mutum ne da ban taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ƙwaƙwalwarsa ta ga jifa biyu, sai ta ƙarasa masa na uku da kanta. A 2006 wasu masu bincike biyu, Gustav Kuhn da Michael Land, sun gwada wannan dabarar a Ingila da ƙwallo. Kusan kashi biyu cikin uku na masu kallo suka ce sun ga ta tashi idan mai wasan ya kalli sama, amma na'urar da ke bin motsin idonsu ta nuna ba su ma kai ido inda suka ce ta ɓace ba.

Muna cewa gani ya kori ji, kuma da irin wannan ganin ake ba da shaida a raba rigima. Tun ranar nake jinkirin cewa "da idona na gani".

Na buɗe tafina na nuna wa yayana lemon, na maimaita komai a hankali. Ya girgiza kai ya ce, "A'a ƙanena, ba haka ka yi ɗazu ba. Na ɗazu ya tashi."