Sabuwar waya ba ta lalace ba, saiti ne ya canja

Da yawa daga wayoyin da ake mayar wa mai shago a makon farko lafiyarsu ƙalau. Hannu ne ya saba da tsohuwa, sabuwar kuma ta zo da nata tsarin.

Abin da ke fara rikita mutum shi ne ɓacewar maɓallai ukun nan na ƙasan allo. Tun Android 10, a 2019, aka kawo tsarin shafa: ka ja yatsa daga gefe zuwa ciki ka koma baya, daga ƙasa zuwa sama ka fita, ka ja sama ka ɗan dakata ka ga manhajojin da ke buɗe. Matashi zai saba nan da nan. Dattijo ko mai rawar hannu kuwa, babu dalilin wahalar da shi. A shiga saiti, a rubuta navigation a wurin bincike, a maido maɓallai ukun. Haka ma maɓallin kashewa: a wasu wayoyin in ka danne shi, mataimakin murya na wayar, Gemini ko Bixby, ne zai amsa. Don kashe wayar, a Samsung sai ka haɗa shi da na rage murya, a Pixel da na ƙara murya.

Wadda ta fi tayar da hankali ita ce ranar da waya ta kama magana da kanta, ka taɓa abu ya ƙi buɗewa, sai wani akwati ya kewaye shi. TalkBack ne ya kunnu, manhajar da aka yi domin makafi, kuma ga masu ita babbar ni'ima ce. Idan an buɗe gajeriyar hanyarta, danne maɓallan murya biyu tare na daƙiƙa 3 yana kunna ta, abin da kan faru a aljihu ko a hannun yara. Wannan dannawar dai ita ke kashe ta. In ta ƙi, dokarta kawai za ka bi: taɓawa ɗaya zaɓi ne, biyu da sauri buɗewa, jan allo kuma da yatsu biyu. Da haka za ka kai saiti ka kashe ta, ba sai an yi filashin ba.

Sai shiru. Daga Android 13 kowace manhaja sai ta nemi izini kafin ta aiko sanarwa, mutane kuma kan danna "a'a" cikin gaggawa. Ga tsarin tattalin batir da ke kashe abin da ke aiki a ɓoye. Shi ya sa manhajar kiran sallah ke yin gum da asuba. A buɗe mata sanarwa, a cire ta daga takunkumin batir.

Na'urar tantance yatsa da ke ƙarƙashin allo ba ta son gilashi mai kauri, ba ta son busasshen yatsan hunturu. A manna gilashin tukuna, sannan a yi rajista, kuma a sa yatsa biyu ko uku.

Rubutu in ya yi ƙanana, Android 14 na ƙara girmansa har kashi 200 cikin 100, sai dai in aka kai ƙarshe wasu manhajoji kan yanke kalmomi; matsakaici ya fi. A Gboard, madannin rubutu na Google, a ƙara harshen Hausa, a samu ƙ da ɗ da ɓ.

Kada a goge tsohuwar waya, kada a kai ta kasuwa, sai an tabbatar da komai. WhatsApp na tambayar dawo da tsoffin saƙonni ne a lokacin girkawa kawai, da lamba ɗaya da asusun Google ɗaya. Wanda ya tsallake sai ya cire manhajar ya sake sa ta. Manhajojin banki kuma kan turo lambar tabbatarwa zuwa layin da aka yi rajista da shi, don haka a sa wannan layin a sabuwar wayar kafin a fara.