Kafin ka yarda a binne maka bututun ban ruwan ciyawa a Amurka

Cikin abubuwan da ke fara ba ɗan uwa kunya bayan ya sayi gida a Amurka akwai wasiƙar ƙungiyar masu gidajen unguwa. An rubuta ta da ladabi, amma saƙon ɗaya ne: ciyawar ƙofar gidanka ta bushe, ta maƙwabta kore shar, ka gyara ko a ci ka tara. Mu da muka san ciyawa da cirewa, yau ga shi ana tuhumarmu da barin ta da ƙishirwa. Nan take zuciya za ta ce a kira masu binne bututu a huta. A dakata tukuna.

Fara da bokiti mai cin galan 5. Buɗe famfon waje gaba ɗaya, ka ƙirga daƙiƙun da ya ɗauka kafin ya cika, ka raba 300 da adadin. In ya cika a daƙiƙa 30, galan 10 kake samu a minti. Kada ka yi lissafi da goman duka, ka tsaya a 7 ko 8. Sannan ka ɗaura ma'aunin ƙarfin ruwa a bakin famfon; da psi ake auna ƙarfin, kuma yawancin gidaje suna tsakanin psi 40 da 60. Waɗannan lambobi biyu su ke yanke yawan kawunan feshin da za su tashi lokaci guda, wato shiyya nawa za a raba filin. Duk mai aikin da ya yi maka farashi bai gwada su ba, ka sallame shi.

Kowace shiyya tana da bawul nata mai aiki da wutar volt 24, agogon saita lokacin ban ruwa da ke manne a bangon gareji yana buɗe su bi da bi. Bututun kuwa ana binne shi inci 8 zuwa 12. Kafin a sa shebur a ƙasa a kira 811, kyauta ne, su zo su yi alamar inda layin gas da waya suka bi. Akwai kuma na'urar hana ruwa komawa baya, don kada ruwan da ya kwashi taki da maganin ciyawa ya koma famfon da iyalinka ke sha. Irin da aka fi sawa dole ta ɗara kan feshi mafi tudu da aƙalla inci 12, kuma garuruwa da yawa suna buƙatar mai lasisi ya gwada ta duk shekara.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne kawunan. Masu feshi a tsaye suna zubar da kusan inci ɗaya da rabi a awa, masu juyawa kusan rabin inci. Aka haɗa su a shiyya ɗaya, wani gefe ya zama fadama, wani ya ƙone. Kuma ruwan kowane kai sai ya kai gindin na kusa da shi. Mai aikin da ya nesanta su don rage kuɗi, a watan Yuli za ka ga sakamakonsa: da'ira-da'ira na busasshiyar ciyawa.

Sai kuɗin ruwa. Ciyawa tana son kusan inci ɗaya a mako, har da abin da sama ta bayar. Inci ɗaya a fili mai murabba'in ƙafa 1,000 ya haura galan 600. A wurare da dama da mitar ruwan ake lissafa kuɗin magudana, ka ga biya biyu ke nan, sai dai in ka nemi mita ta daban. Ka jera gwangwanayen kifi a filin, ka kunna minti 15, ka auna abin da suka tara, da shi za ka saita agogon. Ban ruwa da asuba, sau biyu ko uku a mako. Ka sa na'urar da ke tsayar da shi in ana ruwan sama.

A jihohin sanyi, kafin ƙasa ta daskare sai an rufe ruwan an hure bututun da kwamfuresa, shiyya bayan shiyya, kada a wuce psi 50 ga baƙin bututun roba, 80 ga farin bututu mai tauri na PVC. Wanda ya yi tafiya gida a Oktoba ya manta, ƙanƙara za ta fasa masa na'urar tagullar nan mai hana ruwa komawa baya, ba zai sani ba sai ranar da ya buɗe ruwa bayan sanyi ya wuce.

A ganina, in filin babba ne, lokacin zafin garinku ba ruwan sama, kuma za ka daɗe a gidan, a binne. In ɗan fili ne da tiyo ɗaya ke kaiwa ƙarshensa, agogon batir na bakin famfo ya wadatar, wasiƙar ma za ta daina zuwa.

Abin da ba shi da saiti shi ne kiran bidiyo. Mutum ya juya waya yana nuna wa Hajiya gidan da alfahari, kawunan su ɓullo daga ƙasa suna tsiri, ta yi shiru, sannan ta ce, "Me ka shuka a nan?" Ka ce ciyawa. Ta ce, "Ta dabbobin wa?"