Sun ƙi biyan kuɗin maganin muzurunmu

Talata, Manchesta

Yau dai amsar kamfanin inshora ta iso ta imel, sun ce ba za su biya ko kwabo ba. Wai ciwon da muka kai muzurunmu asibiti a kansa watan jiya tsohon ciwo ne, yana da shi tun kafin mu yi masa inshora.

Har yanzu in na tuna daren nan sai gabana ya faɗi. Ya shiga tiren yashinsa ya tsuguna ya yi ta nishi ba ko ɗigon fitsari, ya fito ya koma, yana lasar ƙasansa yana wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Likitar dabbobi ta ce mafitsararsa ce ta toshe, muzurai sun fi mata kamuwa da wannan don hanyar fitsarinsu siririya ce, kuma in aka yi sake kwana ɗaya biyu zai iya mutuwa. Aka sa masa robar fitsari da ƙarin ruwa, ya kwana a can, aka caje mu sama da fam dubu. Nan Ingila mutum ne kawai NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, ke dubawa kyauta, dabba kuwa aljihunka, sai dai masu karɓar tallafin gwamnati da ƙungiyar agajin dabbobi irin PDSA ke taimakawa.

To ni na ɗauka tunda duk wata muna biya ai shikenan. Ashe da na cike fom ɗin neman kuɗi sai suka nemo fayil ɗinsa tun daga asibitin farko, na maƙwabciyarmu da ta bar mana shi da za ta tashi. A ciki suka tarar da layi ɗaya, an taɓa kai shi don yana fitsari da ɗan jini, aka ba shi magani ya warke. Layin nan suka riƙe. Kuma haka tsarin yake a yawancinsu, duk ciwon da ya taɓa nuna alama kafin ranar da ka fara, ko a cikin kwana 14 na farko, ba sa ɗauka, har da duk abin da suka ga yana da alaƙa da shi.

Abban su da ya dawo aiki ya ce mu canja kamfani kawai. Na ce Abban yara ai yanzu ne ma ba za mu motsa ba, duk inda muka je toshewar nan tana fayil, sabon kamfani zai cire ta ya cire 'yan uwanta. Akwai masu karɓar tsohon ciwo in dabbar ta yi kamar shekara 2 ba alama ba magani, amma namu watan jiya aka sallamo shi.

Da yamma na kira Yaya a Kano, tana jin inshorar mage ta kama salati, wai mutane na neman na asibiti. Ban ga laifinta ba wallahi, amma tunda muka karɓe shi ya zama amana a wuyanmu, bakinsa ba ya magana, kuma auta ba ta barci sai yana gefen ƙafarta.

Na yi waya da asibitin, likitar ta ce za ta duba tsohon fayil ɗin, in ta ga abubuwan biyu ba su da alaƙa za ta rubuta mana takarda. Da ita zan shigar da ƙorafi, kamfanin na da sati 8 ya ba da amsa, in ban gamsu ba sai Financial Ombudsman Service, hukumar da ke raba gardama tsakanin mutane da kamfanonin kuɗi da na inshora, su ba a biyan komai. Kafin nan dai abincin gwangwani mai ruwa-ruwa da aka rubuta masa ya kusa ƙarewa, gobe in Allah ya kai mu zan biya in sayo in na kai yara makaranta.